Katifar da Na Ɗinka wa Jikata

Zuwa ga Hajiya Zuwaira, mai kula da wannan fili.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da aiki, ina gaida iyali, ina gaida duk masu bibiyar wannan shafi. Hajiya, don Allah ki taimake ni da shawara. Ni tsoho ne, na haura sittin da biyar, kuma yau kwana uku ina rubuta wannan takarda ina yagewa. Idan kin ga layi ya karkace ki yi haƙuri, da furfura na shiga aji. Ajin manya ne na bayan la'asar, a kan bencin 'yan firamare, gwiwa tana neman taɓa haɓa. Malaminmu, Malam Lado, sa'an ɗana ne.

Ina cikin murna, ina kuma cikin nadama, kuma nadamar ta fi nauyi. Ban canza sunan kowa ba. Wanda ya san mu ya gane mu, ba komai.

Sana'ata ɗinkin katifa da matashin kai, na auduga da na rimi, a Ƙofar Durbi. A zauren gidana nake aiki kamar yadda mahaifina ya yi. Akan kawo tsohuwar katifa in farke ta, in zazzage audugar, in buge ta da sanda har ta tashi, in ƙara sabuwa, in ɗinke. Katifar soso ta cinye mana kasuwa, ni da masu sayar da ita gaisuwa ce kawai, amma har gobe akwai iyayen da ba su kai ɗiya ɗaki sai da aikin hannuna.

Ɗa ɗaya Allah ya bar mini, Abbas. Ya auri Zulaihat, malamar firamare, mai son karanta jarida, har wannan taku ba ta wuce ta. Suna zaune a Kambarawa. Shekara goma sha ɗaya suka yi ba haihuwa. Tun satin bikinsu na ware buhu guda na audugar rimi mafi laushi, na ɗaure na ɗora a saman rumbu, na ce ta jikana ce. Duk shekara in dube shi in kau da kai.

Sai ga shi a satin da soja suka miƙa mulki, gari ko'ina rediyo, aka aiko aka ce Zulaihat ta sauka, an sami mace. Allura tana hannuna, ban san sanda na soke yatsa ba. Aka sa mata sunan mahaifiyata, Halimatus Sa'adiyya. 'Yan unguwa suna ce mata 'Yar Farar Hula. Ni Amarya nake ce mata, matata Sabuwa kuma tana cewa ai sai ta yi sauri ta girma ta karɓi tukunya, ita ta gaji da ni.

Da lokacin yaye ya yi aka kawo ta gidanmu kamar yadda aka saba, a kan za ta yi sati biyu. Na sauko da buhun nan. Na ɗinka mata 'yar katifa da matashi, na lulluɓe da atamfa mai zanen tsuntsaye. A rayuwata ban yi ɗinki mai kyau kamar wannan ba. Sati biyu suka cika na ce a ƙara mata. Wata ya wuce, shekara ta wuce. Abbas bai iya musu da ni ba. Ita kuwa Zulaihat, kin san al'adarmu a kan ɗiyar fari: ba ta kiran sunanta, ba ta ɗaukarta a gabanmu, balle ta buɗe baki ta ce a ba ta. Takan zo ran Juma'a ta durƙusa ta gaishe ni, ta saci kallon yarinyar, ta tafi. Ni kuma ina zuwa majalisa ina cika baki, wai surukata duk bokonta ba ta zubar da kunya ba.

A zaure yarinyar take wuni. Ina bugu tana tsalle a kan tarin auduga, ta fito kanta fari fat, in ce lallai na auri tsohuwa ban sani ba. Tana dariya, tana atishawa.

Atishawar nan, Hajiya. Da safe sai ta jera goma. Hanci kullum yana zubar da farin ruwa, tana murza shi sama da tafin hannu har wani ɗan layi ya fito mata a kan karan hanci. Ido yana ƙaiƙayi. In tana barci baki a buɗe, da minshari kamar na babba. Muka ce sanyi ne. Sabuwa ta hana ta ruwan randa, ta riƙa tura mata turaren wuta a ɗaki. Ni kuma na ƙara mata matashi na biyu don kanta ya ɗagu.

Daga nan kunne ya shigo. Zazzaɓi ya rufe ta, tana jan kunnen dama tana kuka. Bayan kwana biyu ruwa mai wari ya fito, kukan ya tsaya, muka ce alhamdu lillahi ciwo ya sami hanya. Na narka man kaɗanya na ɗiga mata, wani lokaci ruwan albasa, na share da gashin zabo, na toshe da audugar tawa. Ya lafa, ya dawo. Ya lafa, ya dawo.

Yanzu na zo wurin da nake yage takardar.

Bayan wata babbar salla, yarinyar ta yi kwana huɗu a Kambarawa. Da aka dawo da ita, Zulaihat ta ja Sabuwa gefe ta ba ta saƙo zuwa gare ni, cikin ladabi. Ta ce ta lura a kwanakin nan atishawar ta ragu ƙwarai, ko za a gwada nisanta ta da zaure, a kuma bari a kai ta a duba kunnen. Raina ya ɓaci. Na ji kamar an ce sana'ar ubana cuta ce. Ranar kuwa gidan cike yake da mata, 'yan'uwan Sabuwa sun zo barka da salla. Na shiga tsakar gida na ɗaga murya. Na ce da audugar nan aka ciyar da mijinta har ya zama mutum. Na ce ciwon kunnen yara kowa ya san mafarinsa, uwa ce take shayarwa a kwance nono ya gangara kunne, kuma da alama a makarantar malamai ba a koyar da riƙon jariri. Zulaihat tana durƙushe a wurin. Matar da ta yi shekara goma sha ɗaya tana haɗiye maganar mutane, ni na ƙara mata tawa a kai, a gaban jama'a.

Aka ci gaba a haka. Sai na fara kiran Amarya ba ta waiwayo. In ce lallai an yi fushi don ban sayo zane ba. In an yi mata magana sai ta zuba wa bakin mutum ido, ta ce “Iye?” Sa'o'inta suna zuba surutu, ita kalmominta a cije. Malamin Islamiyya ya aiko cewa ba ta biya karatu, kunnen ƙashi gare ta. Na ce ta gado ni.

Wata uku da suka wuce, ran Juma'a da hantsi, tana lungunmu tana bin wani ɗan akuya. Ɗan acaɓa ya shigo ta bayanta yana ta danna ƙaho. Ni da nake cikin zaure na ji, mai shayin bakin titi ya ji, ita ba ta ji ba. Bawan Allah ya karkatar da babur ya faɗa kwata shi kaɗai, ya ƙuje gwiwa, Allah ya saka masa. Daidai lokacin Zulaihat ta shawo kwana, a kan idonta aka yi. Ba ta yi ihu ba. Ta ƙaraso ta ɗauki yarinyar, 'yar shekara huɗu, ta goya ta da mayafinta, ta durƙusa a ƙofar zaure ta ce, “Baba, ka gafarce ni. Ɗiyata ce, yau da ita zan tafi.”

Ran nan na fara jin ta ce ɗiyata.

Abbas ne ya zo ya ba ni labarin asibiti, kansa a ƙasa. Ya ce likitan kunne ya haska kunnuwan, sannan ya haska hanci, ya daɗe a hancin. Ya tambayi inda take kwana da inda take wuni. Ya ce dodon kunnen dama ya huje, na hagu kuma ruwa ya taru a bayansa, kuma daga hanci abin ya faro, don hancinta ba ya shiri da ƙurar auduga da hayaƙi. Ya rubuta magani, ya ce kada a sake ɗiga komai sai wanda ya bayar. Na ce wa Abbas likita bai san aikinsa ba, ina hanci ina kunne.

Amma da ya tafi na ɗauko littafina. Malam Lado ya taɓa ce mana duk wanda ba ya son abin da ya koya ya gudu, ya riƙa rubuta layi ɗaya kullum, ko mene ne. Na riƙe wannan. Na zauna ina buɗe shafi ɗaya ɗaya. “Yau na buge katifa huɗu na bikin gidan Alhaji Almu.” Bayan kwana shida: “Kunnen Amarya yana ruwa.” Can gaba: “Aikin salla ya yi yawa, zaure ba a ganin mutum.” Bayan sati: “Amarya zazzaɓi da kunne.” Sau bakwai na ƙirga, biyar daga ciki a bayan babban bugu suke. Da hannuna na rubuta, ban taɓa haɗa layin sama da na ƙasa ba. Zulaihat a kwana huɗu ta gani.

Ga murnar kuma. Juma'ar da ta wuce Abbas ya biyo da Amarya bayan masallaci, ya tsaya a bakin lungu, bai shigo ba. Tana kallon titi, ta ba ni baya. Na matso a hankali, na ce “Amarya” ƙasa ƙasa, yadda ko Abbas bai ji sosai ba. Ta waiwayo. Hajiya, ta waiwayo. Na sayi goro na raba wa duk wanda ya wuce, har wanda ban sani ba. Sai ta riƙe rigata ta ce yaushe za ta dawo ta kwanta a katifarta mai tsuntsaye. Na shafa kanta kawai, Abbas ya tafi da ita.

Har yau ban taka Kambarawa ba. Abokina Tanko ya ce suruki ba ya ba matar ɗansa haƙuri, in aika mata turmin atamfa za ta gane. Sabuwa ta ce in bar wa lokaci. Ita Zulaihat tana aiko mini da tuwo da gaisuwa duk Juma'a, amma ba ta ƙara zuwa ba.

Ki gaya mini gaskiya. Da gaske audugata ce ta yi wa jikata haka, kuma ta yaya ciwon hanci yake zama na kunne? Kunnen dama zai dawo? In na share ɗaki na kulle zaure, zan iya roƙo a dawo mini da ita? Gidan ya yi shiru da yawa. Kuma yaya zan yi da uwarta?

Naki,
Tsoho Mai Katifa, Ƙofar Durbi, Katsina.

AMSA

Wa alaikumus salam, Baba. Ina gaishe ka, ina taya ka murnar wannan waiwaye. Rubutunka bai karkace ba, kuma ka gaida mana Malam Lado.

Na kai tambayarka ta farko wurin wata likitar yara, ga abin da na fahimta. Tsakanin bayan hanci da cikin kunne akwai wata siririyar hanya, ita ce take shigar da iska ta kuma fitar da ruwa. Ka ɗauke ta kamar rariyar gidanka. Wasu yara hancinsu ba ya jure wasu abubuwa: ƙurar auduga, musamman wadda ta daɗe a ajiye, gashin tsuntsaye, hayaƙin itace ko na turare. Da sun shaƙa sai cikin hancin ya kumbura, ga atishawa, ga farin ruwa, ga ƙaiƙayi. Wannan ba murar da ake ɗauka daga wani ba ce, shi ya sa ba ta ƙarewa. Kumburin yakan toshe bakin rariyar nan, wadda a jikin yaro gajera ce kuma a kwance take. Ruwa ya kwanta a bayan dodon kunne, ji ya ragu. In ƙwayar cuta ta samu wurin sai zafi da zazzaɓi, har dodon ya fashe. Ranar da kuka ya tsaya kuka yi hamdala, fashewar ce.

To audugarka ce? Bisa abin da likitansu ya gani da abin da littafinka ya nuna, tana da hannu babba. Amma ba kai ka ƙera mata hancin ba. Irin wannan sau da yawa gado ne, kuma akwai yaran da suke fama da kunne ba su taɓa ganin zauren mai katifa ba. Ajiye buhu fiye da shekara goma sha ɗaya ba laifi ba ne, ƙauna ce. Rashin sani ma ba laifi ba ne, rabin garin nan man kaɗanya za su ɗiga. Abbas yana da nasa kason, don akwai ladabin da ake faɗa wa uba gaskiya da shi. Kunyar ɗan fari kuma ado ce, amma duk al'adar da ta hana uwa cewa ɗiyata ba ta da lafiya ta wuce gonarta. Laifinka guda ne: an kawo maka gaskiya cikin ladabi, ka mayar da ita da tozarci.

Maganar nono kuwa, ka ajiye ta har abada. Likitar ta ce shayarwa kariya ce ga kunnen yaro. Kuma ka duba littafinka, an riga an yaye ta kafin kunnen ya fara.

Kunnen dama, ba zan yi maka alkawarin da ba nawa ba. Ƙaramar huda a kunnen yaro sau da yawa takan rufe da kanta in an bar ta a bushe kuma hanci ya lafa. Wata takan buƙaci ƙarin aiki. Likitan da yake ganinta ne zai faɗa. Abin da ke hannunku shi ne a gama magani yadda aka rubuta, a koma ranar da aka ce ko da an ga sauƙi, a nemi a gwada jinta. Kada ruwan wanka ya shiga, kada mai ko albasa ko gashin zabo su ƙara kusantar kunnen. A gaya wa malamanta su zaunar da ita a gaba, su daina kiran ta mai kunnen ƙashi. Littafin nan naka ka ba Abbas ya nuna wa likita, zai amfane shi.

Dawo da ita? A'a, Baba. Na san da zafi. Ko da babu ƙwayar auduga ɗaya a gidanka, sati biyu aka ce, ka riƙe fiye da shekara biyu. Uwarta ta jira ta shekara goma sha ɗaya, sannan ta sake jira a ƙofar zaurenka. Ka bar mata. Ba na ce ka bar sana'arka ba, amma ka fitar da bugu daga gidan, ka ɗaure hancinka kai ma, Inna Sabuwa ta rage turare ranar da jika za ta zo wuni. In za ka je wurinta, ka yi wanka ka canza riga.

Saura uwarta. Na lura ka faɗa mini tana karanta wannan shafi, kuma ba ka canza suna ko ɗaya ba. Baba, na gane ka. Na buga wasiƙar, amma jarida ba za ta je maka Kambarawa ba, turmin Malam Tanko ma haka. A gaban mata ka yi maganar, don haka ka sa Inna Sabuwa ta kira waɗanda suka ji, ka faɗa a gabansu cewa Zulaihat ce ta yi gaskiya. Kafin nan ka je gidanta da ƙafarka. Ba sai ka yi doguwar huɗuba ba, ita ma kunya ba za ta bari ka yi nisa ba. Matar da take aiko maka tuwo duk Juma'a ba ta rufe ƙofa ba, jira take. Girmanka ba zai ragu ba.

Amarya kuma tana bin ka amsa. Ka farke katifar nan, aikin da ka fi kowa iyawa, ka zazzage audugar nesa da gida. Ka wanke atamfar tsuntsayen sarai ka shanya a rana. Sannan ka daure ka taka wurin masu soson nan da kuke gaisuwa kawai, ka sa a yanka maka daidai tsawonta, ka ɗinka rigar yadda za a riƙa cirewa ana wankewa. Ka fara nuna wa uwarta, in ta yarda a shimfiɗa. Tsuntsayen take tambaya, da wanda ya ɗinka su.

Ranar da ka dawo daga Kambarawa ka rubuta layinka na ranar, ka aiko mini in gani.

Allah ya ba Sa'adiyya lafiya, ya buɗe kunnen dama kamar yadda ya buɗe na hagu, ya sanyaya zuciyar uwarta, ya bar ka ka ɗinka mata ta aure, ko da ta soso ce.

Hajiya Zuwaira